Daraktocin Ngueli da Salon Godiyarsu

Kowace shekara idan 5 ga Oktoba ta zagayo, ranar da hukumar UNESCO ta keɓe wa malamai tun 1994, daraktocin makarantu sukan tuna cewa ashe suna da malamai. A Njamena ranar tana faɗowa ne daidai da komawa makaranta, damina na naɗe tabarmarta, kogin Logon ya cika ya tumbatsa, aljihun malami kuwa ya bushe tun watan Yuli. Mu a unguwar Ngueli 'yan bakin gada ne. Tun da aka gina gadar nan a 1985, duk kayan da zai shigo daga Kuseri ta Kamaru sai 'yan kwastan sun kwance shi sun leƙa kafin ya wuce. Wataƙila shi ya sa mutanen unguwar ba sa karɓar abu a ƙunshe, ko da godiya ce. Malamanmu sun daɗe suna kwance godiyar daraktocinsu suna duba abin da ke ciki.

Wanda ya fi yawa shi ne Mai Jawabi. Shi tasa godiyar a maƙogwaro take. Zai jera malamai a rana, shi kuma ya tsaya a inuwar darbejiya ɗaya tilo da ke filin makaranta, sanye da kwat ɗin da ba ya fitowa daga akwati sai ranar nan ko ranar zuwan sufeto. Zai fara da Faransanci mai dogayen kalmomi, irin wanda shi kansa sai ya tsaya ya numfasa a tsakiya, sannan ya juya zuwa Larabcin Chadi saboda iyayen yara. Zai shaida wa duniya cewa in ba malami babu minista, babu likita, babu janar. Duk gaskiya ne. Idan ya zo ƙarshe sai ya sassauta murya ya ce, "Ladanku yana wurin Allah." Malamai su amsa da amin. Daga bayan layi wani ya ce ƙasa-ƙasa, "Mai gidan haya dai ya ce shi nasa a nan duniya yake so." A watse, ko ruwan leda ba a raba ba.

Ƙaninsa Mai Takarda ya fi shi kunya, ba ya bari ka tafi hannu rabbana. Zai kira sunanka a tafa, ya miƙo maka takardar yabo mai launin tuta a sama, shuɗi da rawaya da ja, hatimi biyu a ƙasa, da sa hannun da ya cinye kusan rabin shafi. Sunan naka da biro aka cike shi, galibi kuma da kuskure. Kana riƙe da gefe ɗaya yana riƙe da ɗayan, ba zai saki ba sai an ɗauki hoto. Bayan taro ya ja ka gefe ya ce, "Malam, ka kai a saka maka ita a roba kar ta lalace, ɗari biyar ne kawai." Ɗari biyar ɗin daga aljihunka. Akwai malamin da ya tara irin takardun nan masu roba har matarsa ta mayar da su mafici a watan Afrilu, lokacin da zafin Njamena ke haura digiri 40 ga wuta ta ɗauke. Ta ce a duk abin da makaranta ta taɓa ba mijinta, wannan ne ya yi wa gidan amfani.

Wanda nake wa kallon tsoro shi ne mai cewa, "Mu nan dangi ɗaya ne." Wannan magana tana da lokacinta. Ba ka jin ta a farkon wata. Daga 28 ga wata take fara fitowa, idan albashi ya yi nisa sai ta ƙara kauri. Shi ne ya kafa asusun zumunci, ana cirar wani abu daga kuɗin kowa duk wata, don suna da biki da rasuwa. Ranar da aka yi haihuwa a gidan darakta, asusun zai buɗe da kansa tun da asuba. Ranar da ɗan malamin aji uku ya kwanta asibiti da zazzaɓin cizon sauro, sai a ce ma'aji ya yi tafiya kuma da makullin ya tafi. Dabarar a fili take: in dai dangi ne, shi ne babban wa, kuma a tarbiyyarmu ƙani ba ya cewa babban wa ya kawo lissafi.

Kafin wani ya ce malamai sun cika mita, ya kamata ya san a kan wace tabarma suke zaune. Fiye da rabin malaman firamare a Chadi ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Malaman al'umma ne, ƙungiyar iyayen yara ke biyansu da abin da ta iya tarawa, al'adar da ta yi ƙarfi tun yaƙin basasar 1979 lokacin da hukuma ta kasa riƙe makarantu, iyaye suka ɗauki nauyin abinsu. Tallafin da gwamnati ke ba su yakan zo yakan ɗauke. Masu albashin gwamnatin ma ba su manta da 2016 ba, shekarar da, bayan faɗuwar farashin mai, gwamnatin Idriss Déby ta fito da matakan tsuke bakin aljihu guda 16, aka zabge rabin alawus, makarantu suka yi watanni a rufe saboda yajin aiki. A farkon 2018 aka sake komawa gidan jiya. Mutumin da ke tsaye gaban yara ɗari, wasu a kan benci wasu a kan bulo, da guntun alli a hannu, in ka gode masa dole ya duba ko godiyar tana da nauyi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sai Mai Walima. Shi ya yarda cewa zumunci a ciki yake, don haka duk ƙarshen shekara, bayan jarrabawar BEF, sai ya shirya wa malamansa liyafa. Kalmar "shirya" tana bukatar bayani. Malamai ne za su yi karo-karo, dubu biyu-biyu. Malamai mata ne za su soya kifin, su yi kisar, su dama zoɓo. Malamin lissafi ne zai ɗauko tabarmi a kan babur ɗinsa. Gudummawar darakta ita ce bismillah, da abokansa uku da ba wanda ya gayyata, waɗanda za su zauna daidai inda tiren ya fi tudu. Tsakiyar kifi nasa ne bisa girmamawa, kan kifi ma nasa ne bisa al'ada. Abin da ya rage a juye a kwano a kai gidansa, wai kar a yi almubazzaranci. Kafin a tashi zai share baki ya ce, "Wannan ɗan abin da na yi muku ba yawa, ku yi haƙuri." Kuma a yi masa godiya.

Amma ɗan asalin Ngueli, wanda ba za ka same shi da irin wannan kamala a wata unguwa ba, shi ne Alhaji Mai Makaranta. Ɗan kasuwa ne, kayansa na tsallaka gada safe da yamma. Wata rana ya lura cewa yaran unguwa sun fi azuzuwan gwamnati yawa, sai ya yanka filinsa biyu, rabi sito rabi makaranta, ya sa mata suna mai ɗauke da nasara da haske da makoma duk a allo ɗaya. Malamansa 'yan awa ne, ana lissafa musu sa'o'in da suka koyar, hutun watanni uku kuwa hutu ne har da na albashi. Alhaji ba mugu ba ne, kuma yana son malamansa tsakani da Allah. Matsalar ita ce bai san wata hanyar nuna ƙauna ba sai ta kaya. In ka burge shi, sai ya aika yaro sito ya ɗauko maka sabulu sinƙi ɗaya. In ɗalibanka sun ci jarrabawa, sukari rabin buhu. Kana murna kana sa albarka, sai ƙarshen wata ka ga an rubuta sabulun da sukarin a littafi, an cire, a farashin sari dai, don Alhaji ba ya cin ribar malami. Idan kaya suka maƙale a kwastan, albashi ma ya maƙale, domin aljihun makaranta da na sito wando ɗaya ne. Zai shigo ɗakin malamai da carbi a hannu ya ce, "Malamai, ku taya mu da addu'a, mota na kan gada." Ba a taɓa samun malaman da suka san yanayin kwastan kamar nasa ba. Malamin tarihi yana tsaka da ba da labarin yaƙin Kuseri na 1900, inda Rabe da kwamanda Lamy suka mutu rana ɗaya, amma idonsa na taga yana duba ko tirelar Alhaji ta sauko.

Akwai Hajiya Uwar Kowa, wadda godiyarta ta gaske ce amma tana da igiya. Za ta kawo maka abinci daga gida, ta tambayi lafiyar mahaifiyarka, in kai gwauro ne ta fara nema maka mata ba tare da ka sa ta ba. Idan makon matan Chadi ya zo a farkon Maris, za ta kawo wa malamai mata atamfar 8 ga Maris ta ce kowa ta ɗauka, kyauta ce. Kyautar ana biyanta kashi uku. Wanda ya ci tuwon Hajiya kuma ba ya iya cewa a'a ranar da ta ce a zo aiki da Asabar da yamma.

Ɗan Bita sabon shiga ne. Wata ƙungiyar agaji ta kai shi otal a cikin gari, ya yi kwanaki yana shan iska mai sanyi ana koya masa yadda ake ƙarfafa gwiwar ma'aikata, ya dawo da jaka da biro da sabuwar murya. Ranar Litinin ya kafa akwatin shawara a ƙofar ofis, ya ce kowa ya rubuta abin da ke ransa ba sai ya sa suna ba. Makullin yana hannunsa, kuma ya san rubutun kowa. Ya buɗe zauren WhatsApp, yana turo hoton fure da "barka da asuba, gwarazana" tun kafin a kira salla, ya kuma kulle zauren yadda ba mai iya magana sai shi. Ya ƙirƙiro Gwarzon Malamin Wata. Watan farko ƙanin matarsa ya ci. Wata na biyu aka ga bai dace a maimaita ba, sai aka ba wanda ke kai masa rahoton abin da ake faɗa a ɗakin malamai. Daga nan ɗakin malamai ya yi tsit, shi kuma ya rubuta wa masu bita cewa an samu zaman lafiya.

Mai Leƙe ba ya bukatar dogon bayani. Ta ramukan bulon taga yake kallon aji, ba ka ganin komai sai ido ɗaya da gefen hula. Babban yabonsa shi ne, "Wannan watan ban kama ka da komai ba."

Don adalci, a cikin malaman ma akwai wanda ko ɗan rago ka yanka masa zai ce na bara ya fi ƙiba, akwai kuma wanda ke sa hannu a rajista ƙarfe bakwai, ƙarfe tara yana kan babur yana ɗaukar fasinja zuwa Walia. Na biyun ba na ganin laifinsa sosai, sai dai yaran da ya bari suna kwafar allo su ma 'ya'yan wasu ne.

Na ƙarshe ba shi da laƙabi, domin ba ya yin abin da za a kwaikwaya a yi dariya. Fuskarsa a ɗaure take, bai iya jawabi ba, in aka matsa masa ya yi magana ranar malamai sai ya ce "sannunku da aiki" ya zauna. Amma randar ɗakin malamai ba ta taɓa bushewa, kuma alli ba ya yankewa, ko da zai saya da kuɗinsa. Idan malama ta aiko cewa ɗanta ba lafiya, ba ya tambayar takardar likita, sai ya ɗauki littafinta ya shiga ajin da kansa. Idan uban yaro ya zo da faɗa don an tsawata wa ɗansa, a ofis zai tare shi ya saurare shi, in malamin ne da laifi kuma sai bayan an tashi zai gaya masa, su biyu, ƙofa a rufe. Ƙarshen wata shi da shugaban iyayen yara ne ke bin gida-gida da littafi, suna karɓar ɗari biyar nan, dubu can, don malaman al'umma su samu nasu kafin ya taɓa nasa. In kuɗin bai cika ba zai tara su ya faɗi nawa aka samu, nawa ya rage, da ranar da yake sa rai, ba tare da ya ce musu dangi ba. A ambaliyar Oktoban 2022, da ruwan Shari da Logon ya mamaye gunduma ta 9 ta Njamena har aka koma shiga unguwanni da kwalekwale, irinsa ne ya naɗe wando ya bi gidajen malamansa yana tambayar wa ya samu wurin kwana. Malamai ba sa yabonsa a gabansa, shi ma ba ya so. Sai dai duk lokacin sauyin wurin aiki, makarantarsa ce ake rububin a tura mutum, wanda ke ciki kuma ba ya neman fita.

Ranka ya daɗe darakta, in wannan rubutu ya iso hannunka, kar ka wahalar da kanka wajen neman wanne ne kai a ciki. Malamanka sun riga sun raɗa maka suna tun shekararka ta farko. In kana son jin sa, aiki yaro ya tambayi mai shayin bakin ƙofar makaranta.