Ranar Da Kwamfuta Ta Ƙi Fitar Da Ƙuri'ar Adashe

Jiya da la'asar na shelanta wa 'yan adashenmu cewa zamanin naɗe takarda a jefa cikin hula ya wuce. Na rubuta ɗan shiri da Python da zai cakuɗa sunaye ya fitar da jerin masu kwasa, na sa wa fayil ɗin suna random.py.

Aka kewaye ni a kan tabarma. Na gyara zama, har da cewa "ku matso ku sha kallo", na danna. Rubutu ya zubo, layin ƙarshe yana cewa wai random ba shi da shuffle. Na sake dannawa, da ƙarfi wannan karon. Yatsana na rataye a sama, gumi na bin ƙeyata, kowa ya zuba wa allo ido. Hajiya ta leƙo ta ce, "To, wa ya ci?" Na ce yana lissafi ne. Wallahi haka na ce, yana lissafi.

Sai Kawu ya karɓi ragama. "Yaro, sabis ne, ɗaga kwamfutar sama." Na ce, Kawu, ba ta buƙatar intanet. "To cire batirin ka hura." Na ce ba ya fita. Ya ce a tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana. Can ya yi nazari ya ce wataƙila sunansa ne ya yi mata nauyi, a cire Alhajin a gani. Ƙarshe dai hularsa aka ara, kuma shi ya fara kwasa.

Sai da dare abin ya bayyana. Idan ka ce import random, Python yakan fara duba jakar da fayil ɗinka yake kafin ya leƙa rumbun kayansa. Da ya ga random.py nawa, sai ya ɗauko shi ya shigo da shi cikin kansa, kamar ka aika a kira maka Audu mai allura a kawo maka Audun gidanku. Na buɗe jaka mai suna adashe, na sa mata __init__.py, na mayar da fayil ɗin ciki ya koma adashe.random, na tashe shi daga waje da python -m adashe.random. Nan take sunaye suka jeru.

Da safe na zayyana wa Kawu komai. Ya gyara hula ya ce, "Ai tun jiya na gaya maka matsalar suna ce."