Tuƙin Jirgi Daga Zaure

A Damagaram yanzu akwai samarin da suka sha sauka a Jidda da Dubai, alhali ko fasfo ba su da shi. Manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta ce ke kai su. Gardamar ɗaya ce: wacce ta fi?

Masu hannu da shuni na yabon Microsoft Flight Simulator, wadda ta faro tun 1982. Fitowar 2020 tana jawo hotunan duniya ta intanet, har ka hango unguwar Birni daga sama, in kuɗin intanet ɗinka bai ƙare ba kafin ka bar filin jirgin Zinder. X-Plane ba ta san wasa ba: tana lissafin yadda iska ke bugun fiffike, kuskure kaɗan sai ka ci ƙasa. FlightGear kyauta ce, kuma a Kasuwar Dole wannan hujja ta isa kashe magana.

Amma babban alƙali lantarki ne. Kana sararin samaniyar Tanut a ɗauke wuta, kai da fasinjojinka ku sauka kan tabarma lafiya lau. Don haka, malam matuƙi, fara sayen batir da fanka, domin zafin Afrilu kan kayar da kwamfuta tun jirgi bai tashi ba.