Masu Jiƙa Gero da Masu Yage Leda

Da an ga watan azumi, layinmu yakan rabu gida biyu: masu jiƙa gero da masu yage ledar garin kunu. Duka dai kunu za a sha, amma irin kallon da suke yi wa juna sai ka rantse rabon gado ne ya haɗa su.

Shugabar masu jiƙo Gwaggona ce. Ita ba ta sayen gero a shagon bakin titi. Sai an kai ta Dawanau, ta cusa hannu cikin buhu, ta ɗebo, ta shinshina, ta tauna ƙwaya biyu, sannan ta dubi mai hatsi ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah, wannan na bara ne." A gida a surfa, a bakace, a wanke, a rege tsakuwa, a jiƙa ya kwana. Da safe a tura yaro inji da citta, kanumfari, masoro da busasshen dankali, haɗe da kashedin kada mai inji ya zuba mata bayan markaɗen wake. Kullum kuwa bayan wake yake zubawa. Sai tata, sai jiran gasara ta kwanta. In kunun zaƙi ne, ta raba ƙullun biyu, ta sheƙa wa babban kason tafasasshen ruwa, ta jira ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, sannan ta juye ɗanyen. Wannan ɗanyen mai dankali shi ke tsinka kaurin ya fito da zaƙi kafin gari ya waye, kuma ban taɓa shan wanda ya kamo ƙafar nata ba. Matsalar ita ce ba a miƙo maka kofi sai ka saurari tarihinsa. Ranar nan aka kira magariba tana tsakiyar babin rege tsakuwa, ludayi a sama, tana nuna mana yadda marigayiya Inna ke karkata ƙwarya. Da ruwa zalla muka sha ruwa.

Masu leda ba su da dogon labari, don su ma kunun nasu bai da shi. Minti 10 an gama. Akwai amaryar da ke damawa da hannu ɗaya, ɗayan na kan waya, ta kawo kunu da gudaji kamar an zuba masa ɗanwake. Akwai wadda ke riƙe da takardar bayan leda tana auna ruwa kamar mai haɗa maganin jariri.

Sai 'yan tsakiya, masu sayen gari su ƙara masa ɗanyar citta da jiƙon tsamiya, su juye a ƙwarya, su ƙona ledar kafin baƙi su iso. Idan aka yaba, su sunkuyar da kai su ce, "Ai aikin ne dai da wahala." Na san wata mai yin haka shekara 3 ke nan. Tana rubutu a jarida.

Akwai kuma mai mantuwa, wanda ke ɗura kunun zaƙi a gora ya bar shi kwana 3 a zafin Afrilu, babu wuta. Gorar ta kumbura, murfi ya fara huci, shi kuma ya ce wai yanzu ne ya nuna. Mu dai muka ba shi shawarar ya fara tuntuɓar liman.

Duk waɗannan ina iya zama da su. Wanda ke ƙona mini rai shi ne maigidan da bai san inda rariya take a gidansa ba, bai taɓa tsayawa layin inji ba, amma a gaban abokansa zai kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wannan na leda ne ko? Ai tsohuwata ba ta taɓa ba mu irin wannan ba." Matarsa ta tashi tun ƙarfe 3 na dare ta yi sahur, ta wuni a wurin aiki da bakin azumi, ta dawo ta tsaya kan mai tana soya ƙosai. Na ga hakan da idona a wani gida, kuma kunun da ya raina ɗin na Gwaggo ne, ni na kai musu a kula.

Da na ba Gwaggo labari, sai ta ajiye tsintsiya ta ɗauki mayafi. Wai za ta je ta yi masa bayani tun daga surfe.