Sannu da Ƙoƙari, Onarabul na Zazzau

Bazazzagi, bawan Kanawa, gaisuwa da jaje. An ce tun daren da aka ƙirga ƙuri'u ba a sake ganin ƙeyarka a bakin titin Alabar ba, sallar asuba ma a masallacin wata unguwa kake yi, ka sulalo gida ta lungu kafin masu koko su hura wuta. Na je gida aka ce kana barci. Na koma bayan la'asar aka ce ka tafi Tafo gaisuwar mutuwa. Wa ya mutu a Tafo, in ba takararka ka kai maƙabarta ba? To tunda ƙafa ta kasa samunka, bari jarida ta same ka, jama'a su taya ni yi maka sannu.

Mu fara tuna wa masu karatu abin da ka nema, don wanda ya ga girman hotonka a jikin bango zai ɗauka kujerar shugaban ƙasa kake hari. Kujerar asambuliman ce, wakilin unguwa a majalisar birnin Kumasi, wadda kowa ke kira KMA. A zaɓen nan na Disamba 2023 mutum fiye da 66,000 ne suka fito a faɗin Gana, masu neman asambuli da masu neman kwamitin unguwa, a mazaɓu sama da 6,000. Ka ga ke nan masu faɗuwa sun yi yawan da za su cika fiye da rabin filin ƙwallo na Baba Yara. Ba kai kaɗai ba ne. Amma kai kaɗai ne ka ɗinka babbar riga ta rantsarwa tun kafin a buga takardun ƙuri'a, ka kuma hana yaran gidanku kiranka Baba, sai dai Onarabul.

Tsarin mulkin 1992 ya hana jam'iyyu shiga wannan zaɓe. Ba giwa, ba lema, alamomin manyan jam'iyyun nan biyu. Hotonka kawai da sunanka a takarda. Kowa kuma ya san yadda ake yi: da rana a ce ba ruwan jam'iyya, da dare a aiko da saƙo ta bayan gida. Masu wayo sukan zaɓi ƙofa ɗaya su tsaya a bakinta. Kai da yake wayon Zage-zagi ya yi maka yawa, sai ka ce za ka ci tudu biyu. Da hantsi kana wurin mutanen giwa kana rantsuwa cewa kakanka ma nasu ne, bayan isha'i kana ƙarƙashin lema kana cewa jininka kore ne. Ka manta cewa a Zango mai shayi ɗaya ne yake haɗa wa ɓangarorin biyu, kuma ba kurma ba ne. Kafin mako ya zagayo kowane ɓangare ya sallama wa ɗayan kai. Da ma an yi ƙuri'ar raba gardamar nan da aka shirya ranar 17 ga Disamba 2019, wadda za ta buɗe wa jam'iyyu ƙofa, da yanzu kana da wanda za ka ɗora wa laifi. Shugaban ƙasa ya soke ta ana saura kwanaki kaɗan, ya bar ka daga kai sai halinka.

Sai ranar da aka tara 'yan takara a dandali ɗaya kowa ya faɗi abin da zai yi. Na zo da kujerata don kada komai ya wuce ni. Wani ya tashi ya yi maganar kwata da ke toshewa duk damina. Wani ya yi maganar fitilun titi da suka mutu, da banɗakin jama'a, da bolar da ke kwana uku ba a kwashe ba. Da aka miƙa maka lasifika sai ka gyara hula ka ce za ka gina gadar sama daga Alabar zuwa Kejetia, za ka kawo masana'anta, kuma a makonka na farko za ka soke dokar da ta hana 'yan pragya, masu babur mai ƙafa uku, shiga tsakiyar birni. Yaran pragya suka yi ta tafi, har da mai busa ƙaho. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta juyo ta tambaye ni ko wannan ne sabon magajin gari da ya maye gurbin Sam Pyne. Na ce a'a Iya, bawanmu ne, zazzaɓi ne ke damunsa.

Malam, asambuliman ba shi da baitulmali. A lokacin zaɓen nan albashi ma babu, sai ɗan alawus na zama, wani lokaci a haɗa masa da babur. Ƙuri'a ɗaya gare shi a zauren da kusan kashi 30 cikin 100 na mazauna cikinsa shugaban ƙasa ne ya naɗa su. Magajin garin ma ba mu muke zaɓensa ba. Daga Accra ake aiko da sunansa, 'yan majalisa su amince da kashi biyu cikin uku. Wannan ranar ce kaɗai ake lallashin asambuliman ana tambayar lafiyar iyalinsa. Sauran kwanakin shekara huɗu kuwa shi ne mai amsa ƙwanƙwasar ƙofa da tsakar dare: an kama yaro yana ofishin 'yan sanda, mai naƙuda ba kuɗin mota, maƙwabta sun yi faɗa a kan bututun ruwa, 'yan KMA sun kwashe tiren wata mai talla. Tun 1988 da gwamnatin Rawlings ta kafa waɗannan majalisu aikin ke nan, kuma tsofaffin unguwa sun fi ka sanin haka. Shi ya sa da ka ambaci gadar sama suka fara neman takalmansu.

Amma ba gadar ce ta kashe ka ba, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne, don Bakano ba ya koyar da lissafi kyauta sau biyu. Alabar biyu ce. Akwai ta rana, akwai ta dare. Ta rana ita ce wadda ba ka samun wurin sa ƙafa: masu shaguna, masu canji, 'yan dako, kayayo, mata masu ɗaukar kaya, da kwanoninsu, masu sayar da turare da tasbaha da dabino, fasinjojin da suka sauko daga motocin arewa, duk wanda cunkoson Kejetia da babbar kasuwa ya tunkuɗo. Da magariba ta yi sai su watse. Wannan ya nufi Aboabo, wancan Sawaba, wani Asawase, wani Tafo. A can suke kwana, a can suka yi rajista, a can sunansu yake. Ta dare ita ce ta tsofaffin gidajen haya masu tsakar gida ɗaya da ɗakuna a jere, inda iyali da yawa ke layin famfo ɗaya da safe. Su ne masu ƙuri'a. Kai kuwa wa ka yi wa kamfe? Duk wanda ya ɗaga maka hannu ya ce "Onarabul, sai kai!" ka sa a zuba masa waakye, shinkafa da wake, da ƙwai da taliya. Ka ciyar da rabin Asokore Mampong, mutanen da tun 2012 aka yanke musu tasu majalisar daban. Allah Ya ba ka ladan sadaka, don ita kaɗai ka samu.

Su kuma samarin da ke kwana a bes, majalisarsu ta hira, suna dafa ataya da sukarinka, waɗanda suka yi maka alkawarin unguwa kaf, ka taɓa ganin ɗayansu a farke da ƙarfe bakwai na safe? Waɗanda suka yi layi mata ne da dattawa. Matan nan kuwa ba lasifika suke saurare ba. Suna da nasu littafin a ka: wa ya zo suna, wa ya zauna zaman makoki har aka yi addu'ar uku, wa ya sa hannu aka ɗauki gawa, wa ya shiga kwata da shebur ranar aikin gayya. Kai ranar aikin gayya ka zo da farar shadda da mai ɗaukar hoto, ka riƙe shebur ta wajen da ba laka, aka ɗauka, ka mayar wa mai shi. Hoton ya yi kyau a Facebook, ban hana ka ba.

Na tsaya wurin ƙirga, tunda a nan ƙasar a gaban kowa ake zazzage akwati. Jami'in ya ware takardu kashi-kashi a kan tebur, yana ɗaga kowace sama yara na amsa masa lissafi da ƙarfi. Tarin wasu na hawa, naka yana kwance kamar yankan nama a miyar gidan marowaci. Wakilinka ya fara da tsayuwa a gaba yana hura hanci, can sai na hange shi ya koma bayan taro, ya juya rigar da ke da hotonka ciki ya koma waje. Da aka gama na yi lissafin mutanen gidanku da suka isa zaɓe, na haɗa da surukanka, na ga ƙuri'un ba su kai ba. Ban ce komai a kan Hajiya uwargidanka ba. Ƙuri'a sirri ce. Na dai ga ta fito daga rumfa tana murmushi, ta tsaya ta gaisa da uwar wanda ya kayar da kai, gaisuwar ta ɗan yi tsawo.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne hukumar zaɓe ma ba ta rufa maka asiri ba. Shugabarta a lokacin, Jean Mensa, ta sanar cewa a wannan karo ba sai an shafa wa kowa tawada a yatsa ba, na'urar tantancewa ta wadatar. Da can kana iya bin mutane kana duba ɗan yatsa ka san wanda ya fita da wanda ya kwanta. Yanzu duk wanda ka tara da shi zai dafa ƙirji ya ce wallahi shi ya dangwala maka, ba ka da abin ƙaryata shi. In aka tara masu rantsuwar nan, ai ka ci zaɓe har ka ba maƙwabta rance.

Na ji kuma kana cewa ɗage zaɓen da aka yi a wasu mazaɓun Ashanti da jihar Gabas, daga Talata 19 ga wata zuwa Alhamis 21, shi ya rikita mutanenka suka kasa gane ranar fitowa. To mutanen abokin takararka a wace ƙasa suke da ba su rikice ba? Har an ce kana maganar kotu. Ka yi a hankali. Gaskiya ne a 2015 wani masunci daga Winneba ya kai hukumar zaɓe Kotun Ƙoli, aka rushe shirin zaɓen da za a yi ranar 3 ga Maris, ƙasa gaba ɗaya ta jira har 1 ga Satumba. Amma shi hana shi tsayawa aka yi. Kai an bar ka ka tsaya, kowa ya gan ka da kyau, abin da ya jawo ke nan.

Ka kuma daina cewa an yi maka taron dangi don ana tsoronka. Zangon Kumasi ya ga 'yan siyasar da aka ji tsoro. A 1957, shekarar samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, jagororin jam'iyyar Musulmi ta wancan zamani, ta tura su Najeriya, har sai da majalisar dokoki ta yi doka ta musamman a kansu. Waɗannan su ne aka ji tsoro. Kai ko kuɗin mota zuwa Zariya ba wanda zai ɓata a kanka, kuma na tabbata Zage-zagin can ma za su ce a bar mana kai, sun yafe.

Ban so in yaba maka, amma abu ɗaya zan faɗa in wanke bakina. Ka fito. Yawancin masu yi maka dariya a bes ko rumfar zaɓe ba su leƙa ba. A zaɓukan nan na baya-bayan nan da ƙyar mutum ɗaya cikin uku ke fita, alhali zaɓen shugaban ƙasa tun asuba ake kafa layi da duwatsu da kujeru. Ruwan sama na farko da zai cika kwata ya shigo ɗakuna, su ne za ka ji suna tambaya ina asambuliman, ba su ma san sunansa ba. Wannan dariyar tawa ce ni da na dangwala, ba tasu ba. Kada ka tambaye ni wa na dangwala wa.

Yanzu ga shawara. Zaɓe na gaba sai 2027. Ka sauko ka nemi kwamitin unguwa, inda kujeru biyar ne. In Allah Ya taimake ka mutum biyar kacal suka fito, kana da dama. Ragowar hotunanka kuma kada ka ƙona, mai ƙosai ta bakin masallaci ta ce takardar tana shan mai sosai, za ta saya a kan kilo. Babbar rigar rantsarwa ka aiko mini da ita, dama ba a san bawa da irin wannan ɗinki ba, zan sa ta ranar Juma'a in zauna a sahun gaba. Kuɗin shara na watan cika-ciki kuma yana nan a kanka, faɗuwa zaɓe ba ta yafe shi. In sidi ya ƙare a waakye, ina karɓar lasifikar.