Gas Ba Ya Hayaƙi, In Ji Ku

Na san abin da za ku ce tun kafin ku buɗe baki. Daɓe dai daɓe ne, tsintsiya da tsumma da bokitin ruwan omo sun ishe shi, wane irin rashin aikin yi ne zai sa a ɗora wa goge-goge inji mai ƙarfin doki 18? To ku gyara zama. Sheƙin nan da kuke gani a ƙasan manyan kantunan Amurka, wanda in ɗanku ya turo hoto daga can kuke rantsuwa ruwa aka zuba, ba tsumma ya yi shi ba. Tsakar dare, bayan masu sayayya sun watse, wani bawan Allah ne ke bin layin kaya yana tura wata na'ura mai ruri, da injin Kawasaki ko Honda a bisanta, da tukunyar gas a bayanta, da wani faffaɗan faifai a ƙarƙashinta mai faɗin inci 21 zuwa 27.

Ba wanki take yi ba, kada ku ɗauka. Sai an share an wanke, daɓen ya bushe, sannan a fito da ita. Tayil ɗin roba ne aka shafe da man sheƙi shafi kan shafi, sawun mutane da tayoyin kwandon sayayya sun kakkarce shi, faifan kuma yana juyawa sau 1,500 zuwa 2,000 a minti ɗaya, zafi da guga su lallashe karcen har haske ya dawo. Injin gogewa na gargajiya sau 175 kacal yake juyawa. Me ya sa gas, ba lantarki ba? Su dai ba ɗauke wuta ke damunsu ba. Waya ce matsalar, ba ta kai ƙarshen kanti, batir kuma yana mutuwa aiki bai ƙare ba. Mai gas kuwa, masu ƙera shi na cewa babbansa kan goge kusan murabba'in mita 3,000 a awa guda. Malam mai tsumma, bismillah, ga fili.

Yauwa, ga Hajiya can ta dafe ƙirji. Tukunyar gas a bayan inji mai zafi, ai bam ne ake turawa a cikin kanti! Hajiya, tsoronki na da tushe, ba zan raina shi ba. Furofen, wato gas ɗin da injin ke sha, ruwa ne a cikin tukunya saboda matsi. In ya sami hanyar fita yakan zama iska mai ninkin girmansa sau 270, kuma ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya baje, ƙasa yake bi yana neman rami da kwata da ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya kwanta yana jiran mai ashana. Amma wannan maƙiyin yana sallama kafin ya shigo. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, don hanci ya kama shi tun bai taru ba. Duk lokacin da aka ɗaura tukunya, a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da bakin tukunyar. In ya yi kumfa, yana yoyo, a rufe a fitar da ita waje. Wanda ya ce bari ya gwada da ashana don ya fi sauri, ku ba shi hanya, ku kuma ku kama taku.

Alhajin Kano kuwa tuni ya fara lissafi, na ga leɓensa na motsi. Zai sa a auno masa na hannu daga Amurka, ya ɗauko tukunyar girkin uwargida mai kilo 12.5 ya ɗaura, shi ke nan an yanke tsada. Ranka ya daɗe, mu Zazzagawa mun san ku da son araha, amma wannan karon banza ba za ta kai zomo kasuwa ba. Injin yana da tukunyarsa ta musamman mai ɗaukar kusan kilo 9, an yi ta yadda iska kawai za ta miƙa wa injin, ban da ruwan gas. Har zaren bakinta ta hagu ake murɗa shi, don kada wani mai wayo ya haɗa ta motar ɗaga kaya, wadda ita ruwan take bayarwa. Gas ɗin girkinmu kuma gauraye ne da butan, injin kuwa a kan furofen aka saita shi.

Sai maganar cikawa, inda na san za mu ɓata da kai. Kashi 80 cikin 100 ake cika ta, ba a wucewa. Na ji ka, ka biya kuɗin tukunya guda a ba ka huɗu bisa biyar, ai cuta ce. Ba cuta ba ce, Alhaji, wurin da aka bari na kumburi ne. Ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi, kai kuma ka san ranar watan Afrilu a Kano. In an danna ta har wuya, ko dai bakin tsaronta ya buɗe ya fesar da gas a inda ba ka so, ko ruwan ya gangara cikin regileta. Za ka ga regiletar ta yi fari da ƙanƙara, injin yana tari. Wannan ruwan yana tafasa ne a digiri 42 ƙasa da sifiri, in ya taɓa fata ƙuna yake yi ta sanyi, shi ya sa mai canja tukunya ke sa safar hannu da tabarau, kuma a waje yake canjawa.

To duk wannan share fage ne. Yanzu na zo kan ɗan bokon nan na gaba, mai gyaɗa kai kamar ya riga ya san komai. Shi cewa yake gas ai mai ne mai tsabta, ba ya hayaƙi, shi ya sa aka yarda a kunna shi a cikin gini. Rabin maganarka gaskiya ce, ɗan'uwa, ɗaya rabin kuma shi ke kai mutane asibiti. Kowane inji da ke ƙona mai, fetur ne ko gas, yana fitar da kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. In ta shiga huhu tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta zagaya jiki ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa ke jira. Ku da kuka sha jin labarin iyali guda an wayi gari babu su don an kwana da janareta a cikin gida, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Wannan injin janareta ne da aka sa wa tayoyi aka ce a zagaya da shi cikin ɗaki. Bambancin kawai, na fetur yana yi maka gargaɗi da wari da yaji a ido, na gas kuwa shiru yake aikinsa.

Kuna so a ba ku misali, na sani, ba kwa yarda da magana sai da shaida. A shekarar 1992, a jihar Vermont ta Amurka, ma'aikata biyu na wani kantin magani suka yanke jiki suka faɗi 'yan awoyi bayan sun shigo aiki. A asibiti aka gano gubar kabon monoksaid ce a jininsu, bincike kuma ya kai ga injin goge daɓe mai gas da aka yi aiki da shi a kantin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta buga rahoton a 1993. Ku lura, waɗanda suka faɗin ba su ne masu tura injin ba. Iskar tana zama a rufaffen gini bayan an kashe inji, ta jira duk wanda ya shigo.

Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta sa iyaka: kada iskar wurin aiki ta wuce kashi 50 cikin miliyan a tsawon awa 8. Takwararta NIOSH ta ce ma 35. Cikin miliyan fa na ce. Wane hanci ne zai auna wannan? Shi ya sa mai aikin ke maƙala ɗan agogon auna iskar a ƙirjinsa, a buɗe ƙofofi, a tabbatar na'urar iskar ginin tana jawo ta waje. Esi mai juya iskar ɗaki kaɗai sanyaya gubar yake yi. Takunkumin hanci kuma ƙura yake tarewa, wannan iskar ratsa shi take yi ta wuce.

Alamominta su ne abin da ya fi ba ni tsoro game da mutanenmu: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Wa zai ji wannan bai ce maleriya ba ce? Sai mutum ya haɗiyi fanadol biyu ya ce bari ya ɗan kishingiɗa a kan kwali, a cikin ɗakin da ke kashe shi. In kai da abokin aikinka kun ji ciwon kai a lokaci ɗaya, a kashe inji, kowa ya fita waje, a nufi asibiti, a gaya wa likita abin da aka shaƙa don ya sa oksijin. Manja da madarar gwangwani ba su da aiki a nan, Baba, komai yawan waɗanda ka ce sun warkar.

Bakanike na can gefe yana dariya, wai inji dai in yana tashi ai lafiyarsa ƙalau. Oga, a nan ne muka rabu. Injin nan zai tashi da bugu ɗaya, ya yi ruri mai daɗin ji, alhali yana zubo guba ninkin ba ninkin. Dalilin ba wani abin mamaki ba ne. Aikinsa tayar da ƙura ne, garin man sheƙi da faifan ke kankarewa, kuma a cikin ƙurar yake numfashi. Akwai wani soso a saman injin mai tace iskar da ke sanyaya shi, akwai filtar iskar da yake ƙonawa. In suka toshe, inji ya yi zafi, iska ta ragu, gas ya yi yawa a cakuɗen, ƙonewa ba ta cika ba, abin da bai ƙone sosai ba kuwa shi ne kabon monoksaid. Soson nan da ake kakkaɓewa a wanke bayan kowane aiki, wanda yaron shago ke ganin wahalar banza ce, shi ke tsakaninsa da gadon asibiti. Haka duba baƙin mai kafin a tayar, da canja shi a kan awoyin da littafin injin ya faɗa (akwai agogon ƙirga awa a jikinsa, ba sai an yi canke ba), da fulogi, da bel, da tiyon gas ko ya tsage.

Sababbin injinan suna zuwa da salansa mai sinadarin da ke ƙone ragowar gubar, wasu kuma da na'urar da ke kashe injin da kanta in hayaƙin ya ɓaci. Na san abin da za ka yi ranar da ta fara kashe maka inji ana tsakiyar aiki. Za ka ce sensa ce ke damu, ka ciro filaya ka haɗe wayoyi biyu, inji ya ci gaba, a yi maka tafi. Don Allah, Oga, mai da filayar aljihu. Regileta da sukurun saita gas ma ba a murɗa su da kunne, sai wanda ke da na'urar auna hayaƙi a bakin salansa.

Tuƙin kansa ba wuya, sai dai ba ya son mai tsayawa gaisuwa. A buɗe tukunya a hankali, a tayar da shi faifan na sama, a sauke faifan ana tafiya. Ka tsaya wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu don amsa waya, ka bar wa mai kanti tambarin ƙuna zagayayye a tsakiyar daɓe, sai an kankare man wurin an sake shafawa. Faifai ya zauna daidai tsakiya, in ya yage ko ya karkace injin zai yi ta rawa, yana iya wurgo yanki. Ba a taɓa shi sai inji a kashe, ba a kuma kwantar da injin ta kowane gefe aka ga dama, don baƙin mai yana malala cikin filta. A toshe kunne, ƙararsa ba ta wasa ba ce, salansa kuma tana riƙe zafi bayan an kashe. Af, liman, kafin ka tambaya: e, wasu faifan ana saƙa su da gashin alade, kwalinsu yakan nuna na gashin dabba ne. Akwai na zaren roba zalla, sai a duba kafin a saya.

Saura kashewa, inda ko wanda ya yi komai daidai yakan yi tuntuɓe don barci ya fara fizgarsa. Ba makulli ake fara murɗawa ba. Tukunya ake rufewa, a bar injin ya shanye abin da ke cikin tiyo har ya mutu da kansa, sannan a kashe makulli. A kwance tukunyar a kai ta kejin ƙarfe mai shan iska a wajen gini, a tsaye, nesa da wuta, a kulle. Ba ta kwana a jikin inji, ba ta kwana a sito, ba ta yini a but ɗin mota cikin rana. Alhaji, na ji ka ce in an bar ta a waje ɓarayi za su ɗauke, gara a kai ta ɗakin mai gadi. Mai gadin da ke dafa shayi a kan risho da asuba? Sayi kwaɗo mai kyau, ranka ya daɗe, ko a nan ma sai an yi ciniki?