Mu da ban-ruwan gini

Jama'a, kun lura da yadda muke yi da gini a unguwar nan? Ranar kwaɓi sai mu tsuga ruwa son ranmu, don lebura ya ji sauƙin juya shebur. Washegari kuwa, da mai ruwa ya faɗi kuɗin kura, sai mu ce wa birkila, "Malam, a bar shi haka, ai rana za ta busar da shi." Inda ake son tsimi mun yi ɓarna, inda ake son sakin hannu mun damƙe.

Siminti fa ko a ƙarƙashin ruwa aka zuba shi zai kama, domin ruwan ne abokin aikinsa. Kowace ƙwayar ruwa oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu, a ɗan lanƙwashe, kuma cajin lantarkin gefe guda ya saɓa da na ɗaya gefen. Da wannan take fizgo kalsiyam daga jikin garin siminti ta narkar da shi. Daga nan ita kanta sai ta shige cikin sabon sinadarin da ya samu, wanda ke tsirowa siri-siri yana sarƙe yashi da tsakuwa. Shi ya sa in ka ɗora hannu a kan kankare daren da aka zuba shi za ka ji ɗumi, haɗuwar ce ke fitar da zafi.

Ruwan da ke shiga jikin siminti ya zauna bai wuce kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyin simintin ba. Ana ƙara wani don kwaɓi ya yiwu, amma in ya yi yawa, ranar da ya ƙafe ƙananan ramuka zai bari a ciki. Kuma aikin a hankali yake tafiya. Injiniyoyi sai a kwana na 28 suke auna ƙarfin kankare, ban-ruwa kuma aƙalla kwana 7 suke so. Mu kuwa da iskar hunturu da zafin bazara, nan da nan danshi ya tafi, aiki ya tsaya a rabi. Bulo ya riƙa marmashewa, filasta ta tsage, mu ce magini ya yi mana coge.

Don Allah mu gyara. A rage ruwa a kwaɓi, a yayyafa safe da yamma, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Mai burtsatse kuma ya miƙa wa maƙwabci tiyo, domin katangar da ke tsakaninku, in ta faɗi, ba ta tambayar yaran wane gida ne ke wasa a gindinta.