Ayarin Bukkuyum a Bikin Argungu

Duk motar da ta tashi daga Bukkuyum zuwa kallon bikin kamun kifi na Argungu, komai yawan fasinja, ba ka rasa waɗannan mutane a cikinta.

Akwai Alhaji Namu-ya-fi. Tun ba a wuce Gummi ba ya fara raina tafiyar. A kai shi bakin kogin Matan Fada, dubban masunta su auka ruwa da homa da gora, makaɗa na ta kiɗa a cikin kwale-kwale, sai ya taɓe baki: "Wanga ruwa? Ai Gulbin Zamfara ko da rani ya hi shi." A ce masa a 2020 an fito da kifi mai kilo 78, ya ce irinsa kakansa ke ba almajirai sadaka.

Sai ɗan waya. Ya juya wa kogi baya yana ɗaukar hoton kansa, ana buga bindigar fara su cajinsa ya ƙare. A rumfar mai caji ya yini.

Malam Masani kuwa, ana shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, ya ƙwace aikin mai yi wa baƙi bayani. A ba shi haƙƙinsa, ya san an fara bikin a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gabar Sakkwato da Kabi. Matsalarsa ba ya tsayawa inda iliminsa ya tsaya. Kafin la'asar Kanta ya zama Bazamfare, haifaffen Anka.

Ɗan kasuwa, ko sulken yaƙi aka nuna masa, tambayarsa ɗaya ce: "Nawa sunka bari?"

Ni dai Kawu matsoraci ya fi ba ni dariya. An ce masa Sarkin Ruwa ya riga ya sallami kadoji, ya ce, "Kadojin sun sa hannu?" Yana cikin mota, gilashi a rufe, har aka watse. Amma a dawo gida, shi ne mai labari a majalisa, har da yadda ya taya wani masunci jan giwan ruwa.

In za ka je, mai karatu, zauna kusa da ɗan kasuwa. Shi kaɗai ke da canji, kuma ya san inda kifi ke da araha.